Sito a filin baya: ina iyakar abin da mutum zai gina a cikin gidansa a Legas?

Alhaji Mai Wake, Agege
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka san harkar gini a garin nan. Ina da gida a Agege, fuloti ɗaya cikakke, ƙafa 60 a 120. Falat biyu ne a ƙasa, ni da iyalina a ɗaya, ɗan haya a ɗaya. Ta baya akwai sauran fili, daga bangon kicin zuwa katanga zai kai ƙafa 25, ba komai a wurin sai igiyar shanya da tankin ruwa da bishiyar gwanda. Kuɗin hayar sito a kasuwa ya fi ƙarfina yanzu, duk shekara sai an ƙara. Shi ne na yi niyyar tayar da sito a wurin, daga katanga zuwa katanga, in rufa da kwano, in riƙa sauke wake da gero idan mota ta zo daga Arewa. Har an kawo bulo da yashi. Sai maƙwabcina na baya, wani dattijo Bayarabe, mutumin kirki ne wallahi, ya leƙo ya ce kada in soma sai an ba ni izini, wai ba a haɗa gini da katanga. Abin da ya ɗaure min kai, filin nan nawa ne, da kuɗina na saya, takarduna suna hannuna. Sito ne, ba bene ba. Da gaske akwai dokar da ta hana, ko tsoro ne kawai irin na tsofaffi?

Abu Hanif Birkila
Wa alaikumus salam Alhaji. Ranka ya daɗe ka yi gininka. Irin wannan aikin mun yi shi a Dopemu, mun yi a Orile Agege, ba wanda ya ce uffan. Katanga ta riga ta ba ka bango uku, saura ka ɗaga ta ka ɗora katako da kwano. Idan an fara Juma'a da yamma, kafin Litinin an rufe. Zagaya ka gani mana, gida nawa ne a layinku da ba su cika filinsu da gini ba?

Garba Albasa, Mile 12
Gaskiyar Abu Hanif ce. Ka je neman izini ka tono wa kanka abin da ke kwance.

Maman Ikram, Idi-Araba
Alhaji, ni ba ni da ilimin doka, amma a irin gidan da ake so ka mayar da naka nake haya, bari in gaya maka yadda yake. Lokacin da muka shigo akwai tsakar gida, nan muke wanki, nan yara ke wasa, nan muke hura gawayi. Mai gidan ya fara da shago biyu a gaba. Bayan nan ya yi sito a baya ya ba wani mai lemon kwalba haya. Daga ƙarshe ya rufe ɗan lungun gefe ya sa janareta. Yanzu tagar ɗakina idan na buɗe, bulo nake gani, hannuna yana taɓa shi. Da rana tsaka sai mun kunna fitila. Kayan sawa a cikin akwati suna yin fumfuna, bango kullum a jiƙe, ƙaramar 'yata ba ta rabuwa da tari. Shanya a kan ƙofar banɗaki muke yi. Idan aka yi ruwan sama na awa ɗaya, ruwan kwanon siton nan ba shi da inda za shi sai barandarmu, mu kwana muna kwalfa da bokiti. Kuma ƙofa ɗaya ce tak ga ɗakuna goma sha biyu, ga jarkokin fetur a bakinta. Kullum idan na kwanta sai na yi tunanin ta ina zan fitar da yara idan wuta ta tashi. Ɗan hayanka ma yana da taga ta baya, ka tambaye shi.

Injiniya Ɗan Agege
Baba Alhaji, barka da yamma. Tsara gari na karanta, aikin da nake ci da shi ke nan, don haka zan ɗan tsawaita, a yi haƙuri. Maƙwabcinka ya faɗa maka gaskiya.

A Jihar Legas akwai dokar tsara birane ta 2010, da ƙa'idojin da aka sabunta a 2019. Hukuma biyu ce za ka fi cin karo da su, duka a ƙarƙashin ma'aikatar tsara gari da ke Alausa, Ikeja. LASPPPA ita ke duba zane ta ba da izinin gini, tana da ofisoshi a yankuna. LASBCA ita ke bin ginin mataki-mataki, ita ce kuma mai jan fenti a bango da rufe gini. A wurin doka, duk abin da ka kafa da bulo ka rufa, sito ne ko ɗakin yara ko shago, gini ne, yana buƙatar izini. Ba a ce sai bene ba.

Abu biyu ake aunawa. Na farko tazarar da za ka bari tsakanin gini da iyakar filinka. A yawancin unguwannin zama mita 6 ce ta gaba, mita 3 ta kowane gefe, mita 3 ta baya. A Ikoyi da Victoria Island ta gaba ta fi haka. Na biyu, kashi nawa na filin rufi ya rufe. A irin unguwanninmu ba a so ya wuce kashi 60 cikin 100, kuma ana haɗa komai ne a lissafin: babban gida, bikiyu (ɗakunan bayan gida), sito, duk wani abu mai rufi.

Mu buga lissafin naka. Ƙafa 60 a 120 kusan mita 18 a 36 ne, murabba'in mita 648 ke nan. Kashi 60 na wannan ya kama 389. Falat biyu a ƙasa za su ci wajen 260. Siton da kake so, katanga zuwa katanga, mita 18 a mita 7 da rabi, wajen 135. Ka haɗa ka ga ka haura. To ko da ba ka haura ba, tazara kaɗai ta kayar da zanen, domin idan ka cire mita 3 dama, mita 3 hagu, 6 gaba, 3 baya, abin da ya rage maka mita 12 a 27 ne, wato 324, rabin filin daidai. Cikin wannan rabin ne za ka yi duk abin da za ka yi.

Sai abu na uku da mutane ke mantawa: an ba filin nan izini ne don zama. Ajiye buhun wake goma na cin gida daban, sauke tirela ana lodi ana saukewa daban. Wannan canza amfanin fili ne, shi ma izininsa daban, kuma kuɗin ƙasa na shekara da ake biya a kan gidan kasuwanci ya fi na gidan da mai shi ke zaune a ciki.

Alhaji Mai Wake, Agege
Ikon Allah. Wato in sayi fili da miliyoyi, rabi kawai ne nawa? Sauran rabin na wa?

Injiniya Ɗan Agege
Duka naka ne Baba, ba mai shiga maka. Ka yi shuka, ka ajiye mota, ka ɗaure ragon layya, yara su yi wasa. Rufewa ce kawai aka hana. Rabin nan shi ke shanye ruwan sama, shi ke kawo iska da haske tagar kicin ɗinka da ta maƙwabci, ta nan motar kwasar sokawe za ta miƙa tiyo, ta nan 'yan kwana-kwana za su zagaya, kuma shi ke hana wutar gidan wani tsallakowa naka. Mita 3 taka da mita 3 ta maƙwabci sun zama 6 tsakanin rufi da rufi.

Kuma ba jiya aka fara ba. A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a tsibirin Legas, ta fi ƙamari a cunkoson unguwanni irin su Oko Awo inda gidaje ke manne da juna, ba iska ba magudana. Dalilinta ne Turawa suka kafa hukumar raya Legas, LEDB, a 1928, aka fara rushe wasu wurare ana fitar da tituna. Tsarin gini a garin nan daga gawarwaki ya samo asali. Yanzu ka dubi abin da kake shirin ajiyewa a jikin bangon ɗakin kwanan mutane: hatsi, abincin ɓera.

Garba Albasa, Mile 12
Injiniya, duk abin da ka faɗa a takarda yake da kyau. Mu da muke ƙasa mun san yadda abin yake. Wani ɗan rumfa na yi a gaban gidan da nake, na kwano da katako, don in riƙa baza albasa ta sha iska. Sati bai cika ba wasu suka zo da mota, suka shafa jan fenti, suka liƙa takarda. Aka yi ta kai-komo, sai da na rabu da abin da ya fi kuɗin rumfar kafin aka ƙyale ni, kuma ba rasit. A layin nan dai akwai mai bene hawa huɗu da ya cinye har kan kwata, ba wanda ya taɓa shi. Benen nan mai hawa 21 da ya rufto a titin Gerrard a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, mutum sama da 40 suka mutu, a ɓoye aka gina shi? A tsakiyar unguwar masu kuɗi yake, kowa na gani yana tashi. Doka a garin nan kamar gidan sauro ce, ƙananan ƙwari take tarewa, ɓera kuwa ya yaga ya wuce. Kuma mu 'yan Arewa mun fi kowa shan wahala, da an ji harshenka farashi ya canza.

Baba Ɗan Ikko
Garba, na ji zafinka kuma ban ce ƙarya kake ba. Amma bari tsoho ya sa baki. Tun zamanin Gowon nake Agege. Iyayenmu goro ne ya kawo su, jirgin ƙasa ya ɗauka ya kai Kano, shi ya sa Zango ya kafu a kusa da tasha. A lokacin gidan Bahaushe a nan kamar na gida yake: zaure, tsakar gida mai yashi, rijiya, wurin da ake jiƙa goro ana sa ganye a huhu. Ruwan Ikko ba yau ya fara ba, Yuni da Yuli haka ake kwana ana yi. Amma ƙasa tana sha. Da gari ya waye ka fita da takalminka.

Yanzu fa? Kowa ya cika filinsa da ɗakunan haya, ɗan abin da ya rage ya zuba masa jaman fulo, wato daɓen kankare, ko intalok. Ɗigon ruwa ɗaya ba ya shiga ƙasa. Duk ruwan layi sai ya taru a kwata ɗaya da aka haƙa tun ana gida goma a layin, ga leda ga robar ruwa. Sa'an nan kowa ya ɗaga dandamalin gidansa ya fi na maƙwabci, wanda bai da kuɗin ɗagawa shi ne tafkin unguwa. A layinmu wata tsohuwa ce, mijinta ya rasu, gidanta ya koma rami. Duk damina katifarta a kan benci take kwana. Ba gwamnati ce ta yi mata haka ba, mu ne maƙwabtanta, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa ai filina ne.

Alhaji, dattijon nan da ya leƙo ya yi maka magana, ya yi maka mutunci. Wani ba zai ce komai ba, sai dai ka ga mota ta tsaya a ƙofarka.

Malam Na Zango
Allah ya saka wa Baba da alheri. Ina so in ƙara da cewa kafin dokar Alausa akwai ta Musulunci, kuma ta fi tsanani a kan maƙwabci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa. Ya ce Jibrilu bai gushe ba yana yi masa wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Har faɗin hanya ya yi magana a kai, cewa idan aka yi saɓani a bar zira'i bakwai. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani mai yawa a kan wanda ya juya indararonsa gidan wani, ko ya buɗe taga tana leƙa iyalin wani, ko ya kafa abin da hayaƙinsa ko warinsa ke cutar da na kusa. A garuruwanmu na Arewa ma idan indararonka na zuba a bangon maƙwabci, mai unguwa zai kira ka. Kuma hadisin bai ce maƙwabci Musulmi kaɗai ba. Rufin da zai hau kan katangar da kuka haɗa da wannan dattijo, ina ruwansa zai zuba?

Abu Hanif Birkila
Allah ya gafarta Malam, ai ana sa gota a bakin kwanon a juyo da ruwan ciki.

Injiniya Ɗan Agege
A juyo da shi ciki ya bi ta ina, Abu Hanif, tunda an rufe filin da zai bi? Kuma kai ka fi ni sani, katangar gida da bulo mai inci 6 ake yinta, tushenta ba zurfi, ba a yi ta don ɗaukar rufi ba, balle a jingina mata buhuna. Buhu 200 masu kilo 100 tan 20 ne. Idan suka tura bangon nan a damina ƙasa ta yi laushi, gidan wa zai faɗa?

Hajiya Mai Hatsi, Ojo
Ni ta fuskar sana'a zan yi magana, Alhaji, don tare muke cin wannan abinci. Legas ba Dawanau ba ce. Iskar nan jiƙe take. Sito manne da katanga, ba taga ta ko'ina, kwano a sama yana zufa da dare, wata biyu wakenka zai fara wari, na ƙasa ya dunƙule. Sai ka sa katako a ƙasa, ka bar rata tsakanin buhu da bango, ka bar iska tana ratsawa, wato dai ratar da Injiniya ke faɗa ko don kayanka kana buƙatarta.

Babban abin da ya sa na yi magana shi ne magani. Duk mai ajiye wake ya san sai an sa ƙwayar nan da muke kira bom saboda ƙwari. Ƙwayar nan idan ta sha danshi iska mai guba take fitarwa, ita ke kashe ƙwarin, kuma tana kashe mutum. Tana bi ta tsagar bango, ta silin, ta ƙarƙashin ƙofa. A kasuwa ka sa ka kulle ka tafi gida. A gida fa, bango ɗaya tsakaninta da inda jikokinka ke barci? Don Allah ko an ba ka izini kada ka sa bom a siton da ke jikin ɗakin kwana.

Alhaji Mai Wake, Agege
Hajiya wannan magana ta shige ni. Ɗakin yaran ɗan hayan nawa ne ma ke ta bayan.

Barista Ummu Aisha
Salamu alaikum. Baba Alhaji ya ce takardunsa na hannunsa, ina so in san wace iri ce, domin a nan mutanenmu suka fi faɗawa rami. Rasit ɗin dangin masu ƙasa, wato omo onile, da takardar yarjejeniyar saye, ba su ne shaidar mallaka ta gwamnati ba. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma a jikin C of O, wato takardar shaidar haƙƙin zama da gwamnati ke bayarwa, ana rubuta abin da aka ba da filin dominsa. Idan ka saya daga wanda ke da ita, sai an nemi amincewar gwamna a kan cinikin. Sa'an nan ko C of O ɗin ba izinin gini ba ce. Abu biyu ne daban, ofis biyu daban.

Amfanin izinin yana fitowa ne ranar da ba ka zata ba. Duk wanda ke Agege ya ga abin da aka rushe saboda gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021, da kuma gefen layin dogo saboda jirgin Legas zuwa Ibadan da jirgin cikin gari na jan layi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2024. Idan aikin gwamnati ya biyo ta kanka, tambayar farko ita ce ina takardar fili, ina zanen da aka amince da shi. Ginin da ba shi da izini da wuya a biya shi diyya. Haka banki ba zai karɓi gidan jingina ba, haka idan magada suka zo sayarwa farashi zai faɗi.

Malam Garba, game da abin da ya same ka: doka ta tsara matakai, takardar sanar da saɓa ƙa'ida, umarnin dakatar da aiki, rufe wurin, sa'an nan takardar rushewa. Duk wanda ya zo, ka nemi katin shaidarsa, ka karɓi takardar, ka ɗauki hotonta, ka je ofishin da kanka. Kuɗin gwamnatin Legas ta banki ake biya a ba ka rasit. Wanda ka miƙa a bakin ƙofa bai goge komai ba, gobe wasu za su zo. Kuma ba gaskiya ba ne cewa masu kuɗi ba a taɓa su sam. A Oktoban 2023 an rushe manyan gidaje a Ikota, Lekki, saboda sun hau kan hanyar ruwa, a Mayun 2024 aka yi irin haka a Mende, Maryland.

Garba Albasa, Mile 12
Barista, to wa ya bari aka gina su tun farko? Shekaru ana gini ana sayarwa ana shiga, sai da mutane suka zuba dukiyarsu sa'an nan aka tuna akwai hanyar ruwa. Ni abin da nake cewa ke nan. Kuma ku faɗa min, wanda ke da rabin fuloti fa? Yawancin mutanenmu abin da suka iya saya ke nan.

Injiniya Ɗan Agege
A nan kam ina tare da kai, Yaya Garba. Rabin fuloti idan aka raba shi ta tsawo, mita 9 a 36 ne. Cire 3 dama 3 hagu, saura mita 3, faɗin ɗaki ɗaya. Idan ta faɗi aka raba, 18 a 18, abin da zai rage 12 a 9 ne. An rubuta ƙa'idar ne da cikakken fuloti a zuciya, alhali Legas ita ce jiha mafi ƙanƙantar ƙasa a Najeriya, wani babban yanki nata ma ruwa ne, mutane kuma kullum ƙaruwa suke. Ga kuɗin safiyo, ga na mai zane, ga na injiniya, ga shaidar biyan haraji, ga kuɗin duba zane, ga jira. Talaka ya duba ya ga izinin ɗaki ɗaya ya kusa kuɗin ɗakin, sai ya kira Abu Hanif ranar Juma'a. Ni ina ganin ya kamata a yi wa ƙananan filaye da ƙananan gine-gine hanya mai sauƙi mai araha. Gwamnati ma ta san yawancin gidaje ba su da izini, shi ya sa a 2024 ta buɗe ƙofar afuwa ta kwana 90 daga watan Mayu don masu tsofaffin gine-gine su daidaita takardunsu ba tare da tara ba, aka yi ta ƙara wa'adin har ƙarshen shekarar.

Amma tsadar izini ba ta canza abin da wuta ke yi. A Disambar 2012, washegarin Kirsimeti, siton da aka cika da nokawut, wato kayan wasan wuta, ya tashi a Jankara cikin tsibiri, ya ci gidajen da ke kewaye. A Oktoban 2020 wurin sayar da gas ya fashe a Baruwa, Ipaja, a tsakiyar gidajen mutane. Duka abu ɗaya ne: kayan kasuwa a inda mutane ke kwana, gini manne da gini.

Alhaji Mai Wake, Agege
Na gode ƙwarai jama'a. Barista, takardar dangi ce da zanen safiyo nake da su, sai zanen gidan mai hatimi da wanda ya sayar min ya ba ni. Injiniya, idan na haƙura da babban, na yi ɗan ƙarami na tarkacen gida da buhu kaɗan, ya zan yi?

Injiniya Ɗan Agege
Wannan mai yiwuwa ne Baba. Tunda akwai zane mai hatimi, ka riga ka fi mutane da yawa. Ka sa a auna abin da ke ƙasa a gwada da zanen, a ga ko wanda ya sayar maka bai ƙara wani abu ba. Sai mai zane mai rajista ya fitar da ɗan siton a gefe ɗaya, ba a jikin tagar kowa ba, ya bar mita 3 ta baya da ta gefe, kada ya hau kan sokawe. Ka kai ofishin yanki da kanka ko da mai zanen, kada ka ba ɗan kamasho a bakin geti. Bulon da aka kawo ba zai lalace ba, ka ɗora shi a kan katako ka rufa. Maganar C of O kuma ka zauna da Barista.

Garba Albasa, Mile 12
Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana, matsalar sito ce ba ta doka ba. Da akwai wurin ajiya mai araha kusa da kasuwa, wa zai kai tirela cikin layi ta fasa murfin kwata ta tsinke waya? Shugabannin kasuwa suna karɓar kuɗi a kan kowace mota da ta shigo. Zan tayar da maganar a taronmu na sashen albasa, a nemi fili ko ta wajen Ikorodu ne a yi na haɗin gwiwa.

Maman Ikram, Idi-Araba
Barista, mu 'yan haya fa? An riga an gine mana tsakar gida. Idan na kai ƙara, mai gida zai san ni ce, gobe ya ba ni notis.

Barista Ummu Aisha
'Yar'uwa, a dokar haya ta Legas ta 2011, mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata 6 ake ba shi idan yarjejeniyarku ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata-wata kuma wata 1. Bayan nan ma sai kotu ce za ta fitar da ke, ba shi da ikon cire miki ƙofa ko kwano. Amma kada ki tafi ke kaɗai. Ku haɗu duk masu ɗakunan, ku fara da ƙungiyar masu gidaje ta layin ko Sarkin Hausawan unguwa, a kira shi a zauna.

Maman Ikram, Idi-Araba
Wata 6 ɗin za su ƙare ai, sa'an nan in nemo kuɗin shekara da na ejan da na agirimen a wani wuri. Ba rushe siton nake nema ba, na san ba zai yi ba. A kwashe fetur ɗin nan daga bakin ƙofa, a fitar da janareta daga lungun da hayaƙinsa ke shigo mana, a fasa mana ƙofa ta biyu ta baya. Iyakar abin da muke roƙo ke nan.

Abu Hanif Birkila
Maman Ikram, fasa ƙofa aikin yini ɗaya ne, lintal da firam da ƙyauren ƙarfe. Idan mai gidan ya yarda ku haɗa kuɗin kayan, ni zan zo in yi ba sai kun biya ni ba. Ki turo min hoton bangon ta ciki da ta waje, in ga ko akwai fila a wurin da kuma inda ƙofar za ta fita.